Jagwalgwalon Baba Safiyo

Ihun Mitsi ne ya fito da ni daga ɗaki, fensir a hannu, kilinar goge zane a baki. Na tarar da ita a baranda ta ƙanƙame ƙafar uwarta, tana nuna ƙofar Baba Safiyo tana buga ƙafa kamar wadda ta taka garwashi.

"Ɓera! Ɓera ne a cinyarsa!"

"Wane irin ɓera kuma? Kakanki ne fa," in ji Anti, tana ƙoƙarin ɓamɓare ta daga jikinta. "Tun a mota kike damuna da Kaka, Kaka. To ga Kakan, zo ki gaishe shi."

"Ba na so! Yana motsi!"

Daga cikin ɗakin muka ji muryar tsohon, a shaƙe, amma da sauran ikonta. "Ku ƙyale ta. Ku ja min ƙofa."

Baba Safiyo maƙwabcinmu ne tun ban san kaina ba. Baranda ɗaya ce ta haɗa ɓangarensu da namu, da wata ƙatuwar tukunyar fulawa a tsakiya wadda kowane ɓangare yake cewa ɗaya ɓangaren ne ya kamata ya ba ta ruwa. Aikin safiyo, wato awon ƙasa, ya yi har ya yi ritaya, sunan kuma ya bi shi gida ya zauna. Ban taɓa ganin mutumin da ya tsani karkataccen abu kamarsa ba. In ka cire takalmi a ƙofarsa ka bar ɗaya yana kallon gabas ɗaya yana kallon yamma, sai ya fito ya daidaita su da ƙafa yana tsaki. Igiyar shanyar Ummata ma sai da ya kwance ya sake ɗaurewa, wai gefe ɗaya ya fi tudu, yana hana shi shan shayi cikin kwanciyar hankali. Shi ne ya raɗa mini Kilina, don ya lura ina goge abin da na zana fiye da yadda nake zanawa. Sunan ya kama ni har a makaranta, kuma har yau ban yafe masa ba.

To wannan mutumin ne ciwon rawar hannu ya kama. Hannun dama, wanda ya yi shekaru yana ja wa mutane iyakar filayensu a takarda, ya wayi gari ba ya jin magana. Tun daga nan ya daina shan shayi a baranda, ya daina miƙa hannu a gaisa. In baƙi za su shigo, sai matarsa, wadda duk gidan muke kira Gwaggo, ta ɗauko wani ƙaramin tawul ta rufa masa a kan hannun. Mu da muka saba ba ma ko lura. Daga baya zuciya ta shigo ita ma, ƙafafu suka kumbura, har likita ya ja Gwaggo gefe ya ce gara ta kira 'ya'ya. Shi ya sa Anti, 'yarsu da ke aure can nesa, ta ɗauki hutu ta zo da 'yarta. Yarinyar ba ta fi shekara huɗu ba, ba ta da auki ko kaɗan, shi ya sa ake ce mata Mitsi, kuma a waya kawai ta san kakanta.

Ranar da za su iso, tun da safe ya sa aka yi masa aski, aka ciro masa rigarsa mai kyau, ya zauna a bakin gado. Gwaggo ta rufa tawul kamar kullum. Yarinya ta shigo da gudunta, ta ga wani abu yana mutsu-mutsu a ƙarƙashin tsumma a cinyar tsoho, ta fita da gudun da ya fi wanda ta shigo da shi.

Da yamma Gwaggo ta zo kicin ɗinmu ta zauna a kan kujerar tsugunno tana share ido da bakin mayafi.

"Abin da ya rage masa ke nan a duniya," ta ce wa Umma. "Ya ce shi dai ya ɗora ta a cinya ya ji nauyinta, shi ke nan. Yanzu ko abinci ya ƙi ci."

"To a cire tawul ɗin mana," in ji Umma.

"Wa zai cire? Ni? Kin san halinsa. Kuma yarinyar da tawul ya firgita haka, ina ga ta ga hannun tsirara?"

Umma ta gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa, duk muka ga maganar ta yi ma'ana.

Babu dabarar da ba a gwada ba. An yi da alawa, Mitsi ta karɓi alawa ta gode, ta ƙi motsi. An yi da zare ido, ta fi uwarta iya zarewa. Anti ta sungume ta za ta kai ta da ƙarfi, tsohon ya ji ihun ya ce in aka shigo masa da ita tana kuka bai yafe ba. A ƙarshe yarinya ta tare a ɓangarenmu, ta mayar da tukunyar fulawa iyakarta. Tana zuwa nan take tsayawa, ta leƙa ƙofar can ta ƙarshen baranda, ta dawo.

Ni kuma a lokacin ina da tawa damuwar. Malamar zane ta raba mana aikin gida, kowa da farar takarda, a jikin kowace akwai wani jagwalgwalon layi da ta yi da idonta a rufe. Ta ce mu mayar da shi zanen duk abin da muka ga dama, da sharaɗi ɗaya, kada a goge layin ko a gyara shi. Sannan a bayan takardar mu rubuta abin da muka ji muna yi. 'Yan ajinmu murna suka yi ta yi, wai aikin banza ne. Ni kuwa ya hana ni sakat. In na zana kunne sai in ga bai yi ba, in goge, in zana ganye, in goge. Kafin in ankara takardar ta huje, ramin ya tafi da rabin layin Malama. Na ɗauko wata na rufe ido na ce bari in yi nawa jagwalgwalon, amma hannuna munafuki ne, ko ido a rufe sai ya lallaɓa ya yi fure.

A haka Umma ta aike ni in kai wa Gwaggo fulas ɗin ruwan zafi. Na shiga da takardun a hammata, fuska a murtuke. Baba Safiyo yana jingine da filo, ya rame, tawul a kan hannunsa ko da yake babu baƙo.

"Ke Kilina, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Baba. Aikin makaranta ne."

Na ba shi labari. Ya saurara yana kallona ta saman tabarau, sannan ya yi tsakin da na daɗe ban ji ba, har sai da na ji daɗi.

"Makarantar zamani! Mu a lokacinmu duka ake sha a kan karkataccen layi, ku kuma maki ake ba ku. Malamar taku ta san layi kuwa? Kawo takarda in nuna miki yadda ake jan layi."

Na rantse mantawa ya yi. Faɗan ne ya ɗebe shi, ya zaro hannun daga tawul ya karɓi fensir kamar shekarun baya. Na ɗora masa takarda a kan tiren shayi. Ya ɗora tsinin fensir a gefen hagu, ya daidaita numfashi, ya ja. Layin ya fara tafiya daidai, sai ya hau karkarwa, sama ƙasa, sama ƙasa, kamar haƙoran zarto, sannan hannun ya fizge ya yi wani ƙaton lauje ya dawo ta ƙasa, ya ƙare da wutsiya a can bakin takarda.

Ya tsaya yana kallon abin da hannunsa ya yi. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ya kai hannun hagu zai dunƙule takardar, na yi wuf na janye.

"Baba tsaya! Wallahi abin da nake nema ke nan tun jiya."

"Raini ne ya kawo ki ɗakina?"

"Allah ba raini ba ne. Ka ba ni aro kawai."

Na zauna a ƙasa a gaban gadon na ƙura wa layin ido. Ban ga komai ba sai ciwon tsoho. Ina shirin cewa na haƙura, sai na ji ya ce, cikin fushin da bai gama hucewa ba, "Juya ta mana. Wa ya ce miki nan ne sama?"

Na juya takardar. Haƙoran zarton suka koma ƙasa, laujen ya koma sama, sai ga baki a buɗe yana kallona. Na sa ido ɗaya a kan tudun, na ja wani layin haƙora a ƙasa, na ƙara gajerun ƙafafu. Kada ne, babu tantama. Da na ga fuskar ta yi tsanani sai na sa masa tabarau, na ɗora masa buroshin goge baki a hannu, da kumfa tana zuba. Ban taɓa kilina ba ko sau ɗaya, na ma manta tana aljihuna. Na ɗaga na nuna masa.

Ya matso da tabaransa, ya daɗe yana dubawa. Kafaɗarsa ta fara motsi.

"Wannan ai shugaban ofishinmu ne na da," ya ce. "Har tabaran. Ke Kilina, a ina kika san shi?"

Ya yi dariya har ta koma tari, Gwaggo ta shigo a guje da kofin ruwa tana salati, ta same shi yana share hawaye yana nuna kada. A ranar ya ci abinci.

Abin da na rubuta wa Malama a bayan takardar bai da tsawo. Na ce in takarda fara ce ina tsoronta, don duk ɓarnar da za a yi ni ce zan yi. Amma wannan na same ta an riga an ɓata ta, sai hankalina ya kwanta, na shiga wasa da ita. Na ce kuma ban san kada yana ciki ba sai da na juya. Malama ta liƙa shi a bangon aji, ta tambaye ni wa ya ja layin, don ta san ba nata ba ne. Na ce maƙwabcinmu. Ta ce in gaya masa hannunsa a sake yake, haka ake so. Da na isar da saƙon, Baba ya ce, "A sake kam. Ki ce mata ya sake har ya bar gida."

Amma kafin zanen kadan ya tafi makaranta, sai da ya kwana a ɗakinmu, kuma Mitsi ta gan shi. Ta ɗauka ta kai hancinta, ta juya, ta ƙirga masa haƙora da yatsa har inda lissafinta ya tsaya.

"Yaya Kilina, wa ya yi?"

"Ni da Kakanki."

"Ƙarya ne."

"Shi ya yi bakin da wutsiyar. Ni ido kawai na sa."

Ta yi ɗan tunani, sannan ta ce, "Ki ce ya yi min wani."

Washegari da na faɗa masa, sai da ya tashi zaune ba tare da an taimaka masa ba. Ya sa na maimaita maganar yadda ta faɗa. Sannan na ga safiyon da ke cikinsa ya farka. Ya ce kada in kuskura in miƙa mata zane a hannu. A bangon baranda za a liƙa, na farko daidai tukunyar fulawa, na biyu gaba kaɗan, haka haka har ƙofarsa. Ya sa Gwaggo ta ciro masa tsohon tef ɗin awonsa daga akwati ya ba ni, wai tsayin idon yarinyar zan auna, kuma duk su zauna a layi ɗaya.

Haka muka kafa sana'a. Kullum in na dawo makaranta, ko kayan makarantar ban cire ba, sai in wuce ɗakinsa. Ya ja layi, ni in juya takarda har wani abu ya leƙo. Mun yi akuya a kan keke. Mun yi butar shayi mai gashin baki. Mun yi wata mata ta kama ƙugu, Gwaggo ta ce ita muka zana, ta yi fushi da mu na rabin yini, amma da na ce zan yaga sai ta karɓe ta sa a ƙarƙashin filonta. In na fita liƙawa kuwa, daga kan gado yake ɗaga murya.

"Kilina, ya karkata!"

"Baba, ai ba ka gani daga nan!"

"Ina jin sa a jikina. Ɗaga gefen hagu."

Abin haushin, in na duba sai in tarar gaskiyarsa ce.

Mitsi kuwa ta faɗa tarko da ƙafarta. Ranar farko ta tsaya a gindin tukunya ta miƙa wuya. Da aka liƙa na gaba, ta tsallake iyakarta ba ta ma sani ba, ta tsaya tana yi wa akuya faɗa don ba ta riƙe kan keke da kyau ba. Kowace yamma ni ke kai rahoto, shi kuma yana karɓa da fuskar aiki. "Yau ta kai taga? To madalla. Gobe ki matsar da taku ɗaya kawai, kada mu yi gaggawa."

Sai dai gaggawar ba a hannunmu take ba. Numfashinsa yana ƙara gajarta, wani lokacin sai ya huta a tsakiyar magana. Hutun Anti ma ya kusa ƙarewa. Na ji ta a waya tana roƙon wurin aikinta su ƙara mata kwanaki, ta gama ta jingina da bango ta rufe fuska. Wata rana ya ce mini, "Kilina, matsar da taku biyu," bai kuma yi wasa a kai ba.

Zane na ƙarshe a jikin ƙofarsa na liƙa. Mitsi ta zo har bakin ƙofar, muna jin numfashinta ta bayan labule. Baba ya yi wa Gwaggo alama da ido, ta yi sauri ta rufa tawul. Labule ya ɗaga, ido ɗaya ya leƙo, ya sauka a kan tawul yana mutsu-mutsu. Sai muka ji ƙarar ƙananan takalma suna komawa ɓangarenmu. Baba ya juya fuskarsa bango, ranar ko layi bai ba ni ba.

Kashegari na dawo makaranta na tarar da Mitsi tana jirana a baranda, ta kama ƙugu.

"Ina na yau?"

"Ba a yi ba tukuna."

"Yaushe za a yi?"

"Yanzu. Ki jira a nan."

Ban shirya komai ba, gaskiya. Na shiga na lallashe shi ya karɓi fensir, Gwaggo tana can waje tana wanki, tawul ɗin ma yana cikin kayan da ta jiƙa. Ya ɗora fensir a takarda ke nan, sai labule ya motsa. Mitsi ba ta san jira ba. Tana tsaye a bakin ƙofa, rabin jikinta a ciki, ta zuba wa hannun ido yana ta rawarsa a fili.

Baba ya daskare. Hannun hagunsa ya shiga lalube a kan gado yana neman abin rufewa, bai samu ba. Ya dube ni, ni kuma na ce, "Baba, layi nake jira."

Ya yi mini wani kallo da na san zan biya daga baya. Sannan ya ja. Fensir ya yi karkarwarsa, ya yi tsalle, ya zagaya, ya tsaya.

"Ina ɓeran?" in ji Mitsi.

"Babu ɓera," ya ce a hankali. "Hannuna ne."

Ta duba ƙarƙashin gado daga inda take, ta duba cinyarsa, ta sake duba hannun. Anti ta iso bayanta ta tsaya, ta toshe bakinta da tafin hannu.

"Me ya sa yake rawa?" in ji Mitsi.

Yarinyar ba ta jira mu ba, ta dubi layin da ke takardar, ta dubi hannun, fuskarta ta washe.

"Au! Da shi kake yin haƙoran kada?"

"Da shi nake yi."

Ta fizge takalmanta ta watsar, ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a ƙarƙashin kujera. Na ga idon Baba ya bi su, ya kuma haɗiye tsakinsa. Ta taka har gaban gado ta karɓe takardar daga hannuna, ta juya ta yadda ta ga ina yi.

"Wannan kaza ce ta faɗi a ƙasa. Yaya Kilina, sa mata ido." Sannan ta ɗaga hannuwa sama. "Kaka, ɗauke ni."

Ba shi da ƙarfin ɗaukarta, ni na ɗaga ta na ɗora masa a cinya. Ya zagaye ta da hannun hagu, ya rufe ido.

"Ashe kina da nauyi," ya ce. "Wa ya ce miki Mitsi? Ƙarya suke yi miki."

Ita ko a jikinta. Ta kama babban hannun da nata biyu tana juya shi, ta kara shi a kumatunta, ta ƙyalƙyale da dariya. "Kaka, koya min!"

"Wannan? Ai sai da na yi furfura kafin na iya."

"Ni yanzu zan iya. Duba!"

Ta riƙe fensir ta shiga girgiza, kai da kafaɗa da ƙafa duk suna rawa, hannun kaɗai ne a tsaye. Baba ya yi dariya hawaye yana bin gemunsa, Anti tana dariya tana kuka a bakin ƙofa, ni ma kukan nake ban ɓoye ba. Gwaggo ta shigo da kumfa har gwiwar hannu, ta tsaya ta kalli jika a cinyar kaka, ta kalli hannun a fili.

"Oh ni," ta ce a ƙarshe. "Ashe mu ne muka yi ɓeran da hannunmu."

Daga ranar aka rage mini matsayi. Baba ya ja layi, Mitsi ta faɗi abin da ke ciki, ni kuma in zana abin da aka umarce ni, ba ni da ta cewa. In na ce kifi nake gani, sai ta ce jirgin sama ne yana atishawa, kakanta kuma ya ce, "Ki yi yadda shugaba ta ce." A ɗakinsa take karyawa, a ɗakinsa take faɗa da uwarta a kan wanka. Ta kan zauna ta ba shi labarin ƙawayenta na can, yana gyaɗa kai kamar ya san su. Ya koma shan shayi a gaban mutane, yana zuba a riga, Mitsi tana ce masa, "Kaka, kai ma ba ka iya ba, irina."

Da ƙarfinsa ya ƙara raguwa har fensir ya fara suɓuce masa, ita ta samo mafita. Ta riƙe fensir da kanta, ta cusa hannunta a cikin tafinsa, rawar ta bi ta hannunta ta sauka a takarda. "Yana yi min cakulkuli," take cewa, tana dariya har layin ya ƙara lalacewa, ni kuma aikina ya ƙara daɗi.

Ranar Asabar bayan azahar na shiga da takardu da fensira. Ya dube ni ya girgiza kai kaɗan, ya yi murmushi. Na gane yau babu aiki. Gwaggo tana zaune a kan kujera kusa da kansa, Anti tana kicin, muna jin ƙarar tukwane. Na zauna a ƙasa na hau fiƙe fensira, don ban so fita ba.

Mitsi ta shigo tana murza ido, ta gaji da tsalle-tsalle. Ba ta tambayi kowa ba ta haye gado ta kwanta rub da ciki a gefensa, ta jawo hannun ta ɗora a bayanta.

"Kaka, jijjiga ni."

"To, shugaba," ya ce, da ƙyar muka ji.

Hannun ya shiga bubbuga bayanta a hankali, yadda yake yi ko ba a roƙe shi ba. Ta yi ta surutu a kan wata kaza mai takalmi, maganar tana tsinkewa, har ta yi shiru. Fanka tana juyawa a sama. Ni ina ta fiƙa, ɓawon fensir yana taruwa a cinyata.

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Na ɗaga kai sai na ga rigar Mitsi ta daina karkarwa. Na san hannun yakan lafa in barci ya ɗauke shi, don haka na buɗe baki zan ce wa Gwaggo ya samu barci. Sai na ga fuskarta. Ta riga ta sunkuya a kansa, leɓenta yana motsi, ta sa yatsu biyu ta shafa idanunsa, ta zare masa tabarau ta ninke.

Anti ta shigo da kofi a hannu, ta tsaya cak. Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta matso, ta miƙa hannu za ta ɗauke 'yarta.

"Bar ta," in ji Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa. "Bar ta ta ƙarasa barcinta."

Muka zauna mu uku, babu mai ɗaga murya. Mitsi tana barci baki a buɗe, kumatunta a manne da rigarsa. Hannun yana nan a kan bayanta inda ta ajiye shi, in ta ja numfashi ya ɗaga, in ta sauke ya sauka.